AIKIN MAI-KOYARWA: Darasi Domin Waɗanda Aka Danƙa wa Aji a Ƙasar Karaye da Rogo

 Tun da shi ke ka sami ikon karanta wannan takarda da idonka, ka sani fa akwai bashi a kanka, gama wani ne ya zauna ya yi haƙuri da kai har baƙaƙe suka zama magana a gabanka. Watakila yanzu an ba ka aji a makarantar firamare. Watakila kuwa manya ne su ke taruwa a zaurenka bayan an taso daga gona, ko kuwa ƙannenka ne kaɗai a tsakar gida. Ko wanne ne cikin waɗannan, darasin nan naka ne. Za mu duba abin da ya wajaba mai-koyarwa ya sani, da kayan da zai yi aiki da su, da halin da ya kamace shi.

1. NAUYIN AIKIN

Kada ka ɗauka zuwa makaranta da samun karatu abu ɗaya ne. A shekara ta 2022 Bankin Duniya tare da UNESCO da UNICEF suka ƙiyasta, a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki, yara 7 cikin 10 masu shekara 10 ba su iya karanta ɗan gajeren labari su gane ma'anarsa. Da yawa cikin yaran nan kuwa suna zuwa makaranta, sunansu yana cikin rajista, suna amsa kira kowace safiya.

Ka dubi abin da wannan ya ke jawowa a ƙauyukanmu. Manomi ya sayo maganin feshi, ba shi iya karanta awon da aka rubuta a jikin kwalba, sai ya zuba da ka, ya ƙone shukarsa ko ya cuci jikinsa. Uwa ta karɓo magani daga asibiti, ba ta san ko cokali ɗaya aka rubuta ko biyu ba. Mutum ya dangwala yatsa a takardar gona, bai san abin da ta ƙunsa ba sai ran da rigima ta tashi. Dukan wannan hasara daga aji ta ke farawa, sa'anda aka bar yaro ya wuce daga shekara zuwa shekara ba wanda ya tsaya ya gwada shi.

Gwamnatoci sun yi nasu ƙoƙari. An buɗe ilimin firamare ga kowa a Nijeriya a 1976, aka kafa hukumar yaƙi da jahilci ta Jihar Kano a 1980, aka yi shelar ilimi kyauta kuma dole a jihar a 2019, a 2024 kuma aka sa dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Amma doka ba ta shiga aji ta riƙe alli. Kai ne za ka shiga.

2. KA FARA SANIN INDA KOWANE YARO YA TSAYA

Mai-magani ba ya ba da magani sai ya tambayi inda ke ciwo. Haka nan kuma kada ka soma koyarwa sai ka gwada almajiranka ɗaya ɗaya. Ka ɗauki takarda guda, ka raba ta huɗu. A kashi na fari ka rubuta baƙaƙe da wasula guda goma a warwatse. A na biyu ka rubuta kalmomi goma masu-sauƙi, kamar gida, rana, tuwo, kaza. A na uku ka rubuta jimloli huɗu gajeru. A na huɗu ka rubuta ɗan labari na layi takwas ko goma.

Ka kira yaro gefe, inda sauran ba za su yi masa dariya ba, ka ba shi jimlolin tukuna. Idan ya karanta su sarai, ka hau da shi zuwa labari. Idan ya kāsa, ka sauko da shi zuwa kalmomi, in ya kāsa kuma, zuwa baƙaƙe. Da haka za ka sami ƙungiya biyar: wanda bai san baƙi ba tukuna, da mai-baƙi, da mai-kalma, da mai-jimla, da mai-labari. Kowace rana ka keɓe sa'a guda ka zaunar da su bisa ga wannan rabo, ko da shi ke shekarunsu sun bambanta. Bayan 'yan makonni ka sāke gwada su, wanda ya ci gaba ka matsar da shi.

Wannan hanya ta fito daga ƙasar Indiya, wurin wata ƙungiya mai-suna Pratham, masana kuwa sun auna ta sau da dama suka tarar tana aiki. Cikin waɗanda suka auna ta akwai Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami lambar Nobel ta tattalin arziki a 2019. A shekarar nan kuma aka soma gwada ta a Jihar Kano, a Dawakin Tofa da Wudil, ga 'yan aji 4 zuwa 6, cikin wani shiri mai-suna KaLMA. Ba ta bukatar kuɗi mai-yawa. Abin da ta ke bukata shi ne malami ya yarda ya koma baya ya ɗauko yaron da aka bari a hanya.

Ka lura kuma, iyayenmu ba baƙi ba ne ga wannan dabara. A makarantar allo kowane almajiri yana da nasa allo da nasa karatu, ba a yi masa ƙari sai ya biya na jiya, ba ya shiga farfaru sai ya gama babbaƙu. Abin da ke da kyau a gida, kada ka raina shi domin ka saba ganinsa.

3. YADDA A KE KOYAR DA KARATUN HAUSA

Ka yi murna, gama Hausa a rubutun boko tana da sauƙin koyo: yawancin baƙaƙenta kowanne sauti ɗaya ya ke da shi, abin da ka ji shi ka ke rubutawa. Domin wannan ka koya wa yaro sautin baƙi, kada ka tsaya ga sunansa na Turanci. Ka fara da wasula biyar, a, e, i, o, u. Sa'an nan ka ɗauki baƙi ɗaya ka auras da shi da wasulan: ba, be, bi, bo, bu. Da zarar yaro ya sami baƙaƙe uku ko huɗu, ka sa shi ya haɗa gaɓoɓi su zama kalma. Wanda ya san b da k da n ya isa ya karanta baba, da kaka, da nono, da baki, da kunu. Ran da yaro ya haɗa ku da nu, ya ji bakinsa ya ce kunu, ran nan ya gane asirin karatu duka. Abin da ya rage yawan yi ne.

Gaɓar Hausa iri uku ce kaɗai: baƙi da wasali, kamar ta, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, kamar kai, da baƙi da wasali da baƙi, kamar kan. Ka sa yara su tafa hannu ga kowace gaɓa. Ka-ra-ye tafi uku ne, Ro-go tafi biyu, ma-ka-ran-ta tafi huɗu. Kowane yaro ya tafa sunansa, sa'an nan ya rubuta shi, gama babu kalmar da yaro ya ke marmarin rubutawa kamar sunansa.

Ka kula ƙwarai da baƙaƙe masu-lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda aka tsayar a rubutun Hausa cikin shekarun 1930. Lanƙwasar nan ƙarama ce a ido, amma tana juya magana. Ka rubuta a allo biyu biyu: baki da baƙi, kafa da ƙafa, fada da faɗa, kara da ƙara. Ka faɗi ɗaya, yara su nuna wadda ka faɗa. Haka kuma sh da ts, ko da shi ke baƙaƙe biyu ne a ido, sauti ɗaya ne a kunne. Ka koyar da su kamar baƙi guda.

Akwai kuma abin da rubutunmu na yau da kullum ba ya nunawa, watau tsawon wasali da hawa da saukar murya. Gari na mutane da gari na tuwo rubutunsu ɗaya ne. Fari na launi da fari na rashin ruwan sama haka. Saboda haka kada ka daɗe a kan kalmomi tsirara. Ka sa su cikin jimla da wuri, domin yaro ya saba neman ma'ana daga abin da ke kewaye da kalma. Kowane abin da ya karanta kuwa, ka tambaye shi: Wa ya yi? Me ya yi? Don me? Wanda ya furta kalmomi daidai amma bai iya ba da labarin abin da ya karanta ba, bai yi karatu ba tukuna.

Game da harshen koyarwa, ga yadda al'amarin ya gudana. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya ce a fara koya wa yaro da harshen uwa ko harshen wurin da ya ke zaune. A 2022 gwamnatin tarayya ta miƙa wannan har shekara 6 na firamare, a Nuwamba 2025 kuwa ministan ilimi ya sanar an janye shi, Turanci ya zama harshen koyarwa. Ka bi dokar makarantarka. Amma ka tuna da gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife tun daga 1970, inda aka koya wa wasu yara da Yarbanci dukan shekarun firamare, Turanci kuwa darasi ɗaya cikin darussa, aka tarar ba su kāsa takwarorinsu ba ko a Turancin kansa. Yaron da ya iya haɗa gaɓa a harshen da ya ke ji ya riga ya sami mabuɗi. Idan ka ga fuskokin yara sun yi duhu ga bayanin Turanci, ka warware masu da Hausa, sa'an nan ka koma.

4. KAYAN AIKI DA KE ƘARƘASHIN ƘAFARKA

Kada ka ce, Ba a aiko mana da littattafai ba, don haka ba abin da zan yi. Ka ɗaga ido ka duba kewaye da kai.

Ƙasa ita ce allo na fari. Ka share wuri a inuwa, ka baza rairayi, kowane yaro ya ɗauki tsinke. Wanda ya yi kuskure ya shafe da tafin hannu, ba takarda da ta lalace, ba kunya da ta rage. Tsohon kwali daga kanti, ka yanka shi ƙanana, ka rubuta gaɓa ɗaya a kowanne da gawayi ko tawada, ka raba wa yara su jera kalmomi a tabarma. Yumɓu kuma yana nan; su murza shi su gina siffar baƙaƙe, su shanya a rana. Abin da hannu ya gina, kai ba ya saurin mantawa.

Ga lissafi, babu kamar karan dawa. Bayan girbi ka sa yara su yanko shi tsawon yatsa, su ɗaure goma goma da zare. Dami ɗaya goma ne, kara sako-sako ɗaya ɗaya ne. Idan kana so ka koya masu ɗebe 18 daga 34, ka ajiye dami 3 da kara 4. Ka tambaye su, Za mu iya ɗebe kara 8 daga 4? Za su ce a'a. Sai ka sa yaro ya kwance dami ɗaya da hannunsa. Yanzu akwai dami 2 da kara 14. Ya ɗebe 8, saura 6, ya ɗebe dami ɗaya, saura ɗaya, amsa 16. Yaron da ya kwance damin nan da kansa ya san ma'anar aro a lissafi, ba zai rubuta ɗan ƙaramin 1 a saman lamba a makance ba. Tsakuwa, da ƙwallon goruba, da marafan kwalba duka suna aikin ƙirga. Ka kafa kasuwa a cikin aji da mudu da tiya da kuɗin takarda, wani ya sayar, wani ya saya, wani ya duba canji. Ka aike su su tambayo iyayensu tiya nawa ke cika buhu, gobe a yi lissafi da amsar.

Labarin ƙasa kuma daga ƙofar gida ya ke farawa. Su zana taswirar aji a ƙasa, sa'an nan ta unguwa, sa'an nan hanyar da ta tafi kasuwa. Ka nuna masu Rogo tana iyaka da Jihar Kaduna da Jihar Katsina. Ka ba su labarin madatsar ruwa ta Challawa da ke ƙasar Karaye, wadda aka gama a 1992, ka bi da su da yatsa yadda kogin Challawa ya gangara gabas ya gamu da kogin Kano, suka zama kogin Haɗeja, ruwan ya bi ta Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Yaron da ya ji ruwan da ya ke gani yana da doguwar tafiya haka zai so ya san ƙasashen da ya ke ratsawa. Ka kafa sanda a fili, su sa alama a bakin inuwarta da hantsi da tsakar rana da la'asar. Su shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya a haske ɗaya a duhu, su rubuta abin da suka gani kowace safiya. Gani ya kori ji.

Abin karantawa kuma, in babu, ku yi naku. Ka roƙi wata tsohuwa ta yi wa yara tatsuniya, su maimaita, kai kana rubutawa a allo da kalmominsu, sa'an nan su karanta abin da bakinsu ya faɗa. Su kwafe, a ɗinke takardun da zare, ga littafi ya samu. Ga waɗanda suka kai matakin labari, ka nemo masu littattafan da suka fito daga gasar rubutu ta 1933 wadda Rupert East ya shirya a Zariya, kamar Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sa'an nan Magana Jari Ce. Ka gaya masu sa'anda Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, littattafan boko na Hausa kaɗan ne ƙwarai. Mutane irinsu ne suka zauna suka rubuta.

5. MAGANIN MANTUWA

Wani masani na ƙasar Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya gwada kansa da haddar gaɓoɓi marasa ma'ana, ya buga abin da ya samu a 1885. Ya tarar mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan koyo, daga baya ta rage sauri. Ya tarar kuma maimaici da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka tara a zama ɗaya. Domin wannan, abin da ka koyar yau ka tambaye shi gobe, ka sāke tambaya bayan kwana uku, da bayan mako, da bayan wata.

Ka lura da kalmar nan, tambaya. Idan ka sāke faɗa masu, kunnensu ne ya yi aiki. Idan ka rufe allo ka ce su tuno da kansu, zuciyarsu ce ta yi aiki, abin kuwa ya kan zauna. Kada kuma amsar taro ta ruɗe ka. Yara sittin suna iya amsawa da murya ɗaya alhali biyar ne suka sani, sauran suna bin bakinsu. Ka yi tambaya, ka dakata kaɗan kowa ya yi tunani, sa'an nan ka kira suna; ka riƙa kiran na baya da 'yan mata da masu-shiru.

Ga misalin yadda za ka raba sa'a guda: minti 10 na biya karatun jiya, minti 15 na sabon sauti ko sabuwar ƙa'ida, minti 15 yara suna yi da hannunsu kai kana zagawa, minti 10 kana karanta masu labari da murya mai-daɗi, minti 10 na tambayoyi. Idan aji ya yi maka yawa, ka sa waɗanda suka ci gaba su zauna da na baya, uku uku ko huɗu huɗu. Frank Laubach ya yi haka da manya a tsibirin Mindanao na ƙasar Filifin wajen 1930, sa'anda kuɗin biyan malamai ya ƙare: kowane wanda ya koya ya koya wa wani. Mai-koya wa ɗan'uwansa kuwa nasa karatu ya ke ƙarfafawa.

6. HALIN MAI-KOYARWA

Dabara duka banza ce a hannun wanda halinsa bai yi kyau ba, gama yara suna karanta malaminsu tun ba su iya karanta allo ba. Ka riga su zuwa. Ka shirya darasinka tun da dare, kayanka a ɗaure. Lokacin karatu amana ne. Kada ka aiki 'yan makaranta gonarka ko ɗiban ruwan gidanka a cikinsa, kada kuma ka karɓi kome a hannun iyaye domin ka ƙara wa yaro maki.

Ka riƙe fushinka. Yaron da ke jin tsoron bulala hankalinsa yana kan hannunka, ba ya kan allo. Kada ka kira kowa daƙiƙi, gama suna irin wannan ya kan bi mutum har tsufa. Sau da yawa wanda a ke ce da shi daƙiƙi, ba ya gani sosai ne, ko ba ya ji sosai, ko kuwa bai karya kumallo ba. Ka matso da shi gaba, ka yi magana da iyayensa. Idan an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce za ka bincika, ka kuwa bincika. Kada ka bambanta ɗan mai-kuɗi da ɗan talaka, ko ɗan gari da ɗan ƙauye, ko yaron da addinin gidansu ya bambanta da naka. Duk wanda ya zauna a gabanka hakkinsa ɗaya ne.

Idan manya ka ke koya wa, ka girmama furfura. Kada ka gyara dattijo a gaban 'ya'yansa. Ka ce, Baba, mu sāke dubawa tare. Ka fara da abin da ya kawo shi: sunansa, da lambobin waya, da rasit, da awon taki. Da damina kuma, sa'anda aikin gona ya ɗauke mutane, ka rage tsawon darasi amma kada ka rufe shi, domin wutar da aka bari da ɗan garwashi ta fi saurin kamawa bisa wadda ta mutu.

7. ABIN DA ZA KA YI CIKIN MAKON NAN

Ka rubuta takardar gwaji, ka gwada kowane almajiri, ka rubuta sunansa da matakinsa a littafi. Ka yanka kwali hamsin na gaɓoɓi. Ka ɗaure damin kara goma. Ka ziyarci gida ɗaya inda akwai yaro ko yarinya da ta daina zuwa, ka gai da iyaye da ladabi, ka ji dalili. Bayan wata guda ka buɗe littafin nan ka ga mutum nawa suka matsa daga matakinsu. Wannan ne ma'aunin aikinka, ya fi yawan shafukan da ka gama.

TAMBAYOYI DOMIN BITA

1. Waɗanne ne matakai biyar na karatu, ƙaƙa kuma za ka san matakin kowane yaro?
2. Don me a ke koyar da sautin baƙi kafin sunansa?
3. Kawo kalmomi biyu biyu waɗanda lanƙwasa kaɗai ta raba su, ban da waɗanda aka ambata a nan.
4. Nuna da karan dawa yadda za a ɗebe 27 daga 52.
5. Me ya sa tambayar yaro ta fi sāke faɗa masa?
6. Wane ne a gidanku ko unguwarku bai iya karatu ba tukuna, yaushe kuma za ka fara da shi?

Ka tattauna waɗannan da 'yan'uwanka masu-koyarwa sa'anda kuka taru, kowa ya kawo abin da ya gwada a ajinsa. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba ka haƙuri da hikima cikin aikin. Ka huta lafiya.